Gadon Ƙarfe a Bayan Haro

Auta ya sauka daga mota da jaka ɗaya a kafaɗa, kuma tun bai gama gaisawa ba ya gaya wa yayarsa cewa ba zama ya zo yi ba. Wani abokinsa ya riƙe masa gurbin direba a wurin fasa dutse, in ji shi, kuma gurbi ba ya jiran mutum. Zai gyara gona, a zuba iri, ya kama gabansa. Yaya ta karɓi jakar, ta ji ba nauyi, ta ajiye ta a bayan ƙofa, inda ta san zai so ya riƙa ganinta.

Ta san ƙanenta. Ya yi tuƙin tanka, ya yi gadin sito, ya sayar da tsofaffin tayoyi, ya taɓa bin masu haƙar rijiyar burtsatse har aka daina jin ɗuriyarsa. Duk inda ya je, da ya fara sanin sunayen maƙwabta sai ƙafarsa ta soma ƙaiƙayi. Mijin Yaya ne ya laƙaba masa Zirga, yana cewa ko a turke aka ɗaure shi, da turken zai tafi.

Mijin nan, wanda kowa ke kira Mai Tarakta, yanzu a keken marasa lafiya yake wuni. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tsakiyar rani, yana cikin canza wa injin taraktarsa baƙin mai. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama sai ja. Magana kuwa ta tafi ta bar masa kalma ɗaya tal, wato "tukuna". In aka miƙa masa ruwa ya ce tukuna, in ƙishirwa ta dame shi ma tukuna. Yaya ta koyi rarrabe su daga yadda yake jan muryar da inda idonsa ya nufa, amma ba kullum take dacewa ba, kuma in ta kuskure sai ya yi ta dukan hannun keken da hagunsa.

Auta ya durƙusa gabansa ya gaishe shi, ya ce ashe duk wannan kwanciyar dabara ce don a kira shi ya zo ya yi bauta. Mai Tarakta ya yi dariya da rabin baki, ya kama wuyan rigar Auta ya girgiza, sannan ya nuna masa rumfar da taraktar ke ajiye, ƙura ta rufe ta, kaji sun yi sheƙa a kan kujerarta.

Riɗi za a shuka. An riga an sayi iri, yana nan a ɗaki cikin buhu. Ruwan farko ya sauka ya jiƙa ƙasa, rana ta biyo ta ƙame samanta, kuma kowa ya san ruwa na biyu shi ne na shuka. Auta ya wanke fulogi da matatar mai, ya aro batir, inji ya yi tari ya tashi. Ya ɗaura haro, wato jerin faya-fayan ƙarfen nan masu yanka ƙasa suna juya ta, ya shiga gona kamar wanda aka biyo. Kafin rana ta karkata ya gama, ya dawo yana kaɗe hula, ya ce wa Yaya ta fito da iri.

Ta ce sai ta gani da idonta. Da ta shiga gonar ba ta yi nisa ba ta gurɗe a kan wani hoge, curin ƙasa mai girman kan mutum. Ta zauna tana murza ƙafa tana dubawa. Ƙasa ta juyu, gaskiya ne, amma duk curi-curi ce, ga tudu inda faya-fayan suka watsa ƙasa gefe, ga kwari a tsakiya kamar an ja lambatu. Ta ce ƙwayar riɗi ba ta kai idon allura da yawa ba, in ta faɗa ƙarƙashin irin wannan hoge ta binnu ke nan, in kuma ta faɗa kwari ruwa ya tafi da ita. Gonar mijinta, in ji ta, in ya gama da ita kamar tabarma take zama, har mutum ya ji kunyar takawa.

Auta ya tambayi abin da yake yi mata. Ta ce akwai wani dogon ƙarfe mai nauyi da yake ɗaurawa a bayan haro da sarƙa, yana bi yana fasa curin yana baje ƙasa. Da ya nemi ƙarfen sai ta gaya masa babu. Lokacin da aka dawo da mijinta daga asibiti keke ba ya iya ratsa tsakar gida saboda tarkace, ta kira masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe komai, har da shi.

Daga nan Auta bai sake zama ba. Da safe ya samo gungumen itace a bayan shagon mai katako, ya ɗaure shi da igiya ya ja. Gungumen ya riƙa birgima yana tsalle kan curin kamar ɗan akuya, bai fasa ko ɗaya ba, a ƙarshe igiyar ta tsinke ta bar shi a tsakiyar gona. Ya koma ya haɗo tsofaffin tayoyi, sana'arsa ta dā, ya jera su ya ɗaure da waya. Waɗannan sun ɗan yi abin kirki da farko, sai dai cikinsu ya cika da ƙasa, suka yi nauyi, suka soma tara tudu a gabansu suna zubarwa inda suka ga dama. Gonar ta ƙara lalacewa.

Duk wannan a gaban Mai Tarakta aka yi, don ya ƙi zaman gida. Yaya ce ke turo shi har gindin bishiyar da ke bakin gona, ta sa wa tayar keken dutse. Daga can yake bin taraktar da ido, yana dukan hannun keke, yana ta faɗin kalmarsa da muryoyi iri-iri. Auta in ya zo juyawa sai ya ɗaga masa hannu ya wuce. Wayarsa na aljihun gaba tana ta ɓari. Abokin nan ne, yana cewa shugaban direbobi ya soma tambaya, akwai wani ma da ke zarya a kan gurbin. Auta ya riƙa amsawa da hannu ɗaya a kan sitiyari yana cewa gobe, in Allah ya so jibi. A gabas kuwa kullum da yamma hadari ke haɗuwa ya yi baƙi, iska ta kaɗa, sannan ya watse. Maƙwabtan gona duk sun gama gyara, suna zaune bakin kunyoyinsu suna kallon sama.

Ko abinci a tsaye Auta yake ci. Yaya ta ce ya zauna, kujera ba ta cizo. Ya zauna, ya yi loma biyu, ya miƙe ya leƙa waje, ya dawo ya duba jakarsa a bayan ƙofa, ya sake fita.

Ya tafi wurin mai walda. Shagon cike yake, kowa ya kawo abin da ya karye tun bara bai tuna da shi ba sai da ya ji ƙamshin ruwa. Mai walda mutum ne mai son hira, yana aiki yana ba da labari, tabarau a goshi maimakon a ido. Auta ya yi ta kai da komo tsakanin tartsatsin wuta da bakin titi, har mai walda ya ce masa in bai daina ba zai liƙa takalmansa da ƙasa. Da layi ya zo kansa ya yi bayani, mai walda ya ce aikin ba wuya, ƙarfen ne babu, duk abin da ke shagon da mai shi. Ya ce a kawo masa ko mene ne mai faɗi da nauyi, tsohon ƙyaure, ragar shinge, ko da gadon ƙarfe ne. Gado ma ya fi, in ji shi, don ƙarfen gaba ya daki hoge, ragar da ke bayansa ta murƙushe abin da ya rage.

Auta ya san inda gado yake. Yana ɗakin ciki a gidan Yaya, jingine da bango, irin na dā mai nauyi da ragar waya mai kauri. Shi ita da mijinta suka saya shekarar da suka yi aure. Tun da ciwon nan ya zo aka sauke katifa ƙasa, don Mai Tarakta ba ya iya hawa, kuma ana tsoron ya faɗo. Amma Yaya ba ta bar ƙura ta kwanta a kansa ba, kullum sai ta goge.

Ya same ta tana wanke-wanke, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗa. Ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita. Ya ce gado ne kawai, ba wanda ke kwana a kai, kuma in aka rasa wannan ruwan an rasa shekara. Ya ce in riɗi ya yi kyau sai a sayi wani, har wanda ya fi shi.

"Mutumin bai mutu ba, Auta," in ji ta. "Likita ya ce wasu suna tashi. In ya tashi ya tarar an yanka gadonsa an ja a ƙasa, me zan ce masa?"

Auta ya ce ai ba kurma ba ne, a tambaye shi. Ta ce wace irin tambaya za a yi wa mai amsa ɗaya. Muryarta ta ɗan hau, ta gaya masa cewa shi komai na gidan nan tarkace ne a wurinsa tunda ba shi zai zauna da kangon ba, ya yanka ya tafi, ita a bar ta da bango. Ya ce in haka ne ta nemi wani ya yi mata gonar. Har ya kai hannu kan jakarsa.

Sai suka ji ƙarar keke. Mai Tarakta ne ke turo kansa daga baranda da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya, keken na karkata yana neman zagaye da shi. Ya bugi ƙyaure, ya ja baya, ya sake gwadawa, ya ƙi yarda a taimake shi. Da ƙyar ya shiga ɗakin ciki. Ya tsaya gaban gadon yana haki, ya ɗora tafinsa a kan ragar, ya ce tukuna. Yaya ta dubi ƙanenta ta ce to ya ji, a bari. Auta ya ce ba wannan tukunar ba ce, ɗayar ce. Suka tsaya suna gardama a kan mutum yana zaune a tsakaninsu, shi kuwa ya yi ta dubansu ɗaya bayan ɗaya. Can ya miƙa hagunsa ya zaro sifanar da ke leƙowa daga aljihun wandon Auta, ya laluba ƙafar gadon, ya ɗora bakin sifanar a kan noti. Ba shi da ƙarfin juyawa. Ya riƙe ta a wurin yana kallon matarsa.

Yaya ta fita. Da ta dawo, da ɗan gwangwanin mai ta zo, ta ɗiga a kan notocin da kanta don sun yi tsatsa. Ta ce allon kan gadon, mai zanen furanni, ba inda za shi. Auta ya kwance mata shi, ta kai bayan akwati ta jingine.

Mai walda ya cire ƙafafun, ya ƙara wa gaban wani guntun ƙarfe mai kusurwa da ya ce ya manta mai shi, ya liƙa zobe a kowane gefe na ɗaura sarƙa. Ya ja wa Auta kunne cewa ya ɗora bulo a kai don ya kwanta, kuma in zai juya ya yi kwana mai faɗi, kada ya manta yanzu wutsiyarsa ta ƙara tsawo. Auta ya ce ya ji, idonsa na kan waya.

Washegari da sassafe sama ta tashi a rufe. Da Auta ya tada inji a tsakar gida, Mai Tarakta ya turo kekensa ya tare ƙofar fita. Ba bishiya yake so ba yau. Ya nuna ɗan wurin zaman da ke kan murfin babbar taya, gefen direba. Yaya ta ce sam, Auta ma ya ce sam, shi kuma ya ƙi matsawa. A ƙarshe su biyu suka ciccibe shi suka ɗora, Yaya ta naɗe tsohon zanen gado ta ɗaure shi ta ƙirji da ƙarfen riƙewa, ta ƙulla har sau nawa, tana faɗa ƙasa-ƙasa cewa duk gidan nan ba mai hankali.

Suka shiga gona. Auta ya sa giya ya taka, gadon ya soma tsalle a baya. Nan take ya ji an daki kafaɗarsa. Ya rage. Aka sake duka, ya sauko giya ɗaya. Sai da taraktar ta koma tafiyar mai zuwa gaisuwar surukai sannan hannun ya kwanta a kafaɗarsa ya yi shiru. Auta ya waiwaya. Ƙarfen gaba na dukan curin yana farfasawa, ragar na bi tana niƙawa, tudu na zubowa cikin kwari, bayansu kuwa ƙasa ta kwanta lallausa da siraran layuka kamar an taje ta. Yaya na biye a ƙafa, ta sunkuya ta ɗebi ƙasar ta murza, ta bar ta ta zube ta tsakanin yatsunta.

Tafiyar ce ta dami Auta. Gonar da ya gama cikin wuni guda da haro, yanzu kamar tana ƙara faɗi. Ƙafarsa na son totur, da ya ɗan taɓa sai duka ya sauka. Haka suka yi ta zuwa suna dawowa, rana ba ta fito ba, iska ta soma sanyi tana ɗaga busasshen ganye. Sun ci fiye da rabi da nisa, saura wani yanki ta wajen rafi, aka yi tsawa ta farko. Wayar ta kama ɓari a aljihu. Auta ya zaro ya duba, abokin ne ya rubuto cewa in bai iso ba zuwa gobe an ba wani. Suna daf da ƙarshen layi. Ya mayar da wayar, ya taka totur, ya karya sitiyari gaba ɗaya don ya rage hanya.

Sarƙar gefen ciki ta saki, ta faɗa tsakanin faya-fayan haro, suka naɗe ta. Gadon ya miƙe tsaye da bulo da komai, ya hau bayan haron yana tahowa wajensu. Auta ya daskare, ƙafarsa ta rasa kuloci. Mai Tarakta ne ya zube gaba iya inda zanen ya bar shi, ya fizgo wayar kashe inji da hagunsa. Taraktar ta yi gurnani ta mutu. Bulo ɗaya ya suɓuce ya daki bayan kujera, tazarar tafin hannu da ƙeyar Auta, ya fashe.

Mai Tarakta ya ɗago, fuskarsa ta yi jawur. Ya dubi Auta ido cikin ido, bakinsa ya yi ta kokawa da wani abu, sannan ya fito da shi a fili.

"Wawa."

Yaya ta iso da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Ta shafa mijinta daga kai har ƙafa, ta ga ba jini, ta juya kan ƙanenta za ta fara. Auta ya ɗaga mata hannu.

"Yaya, ya yi magana."

"Me ya ce?"

"Ya ce mini wawa."

Ta tsaya tana kallon mijinta. Ta roƙe shi ya sake faɗa, ko ita zai zaga ta yarda. Ya buɗe baki ya yi ƙoƙari, abin da ya saba faɗa ne ya fito. Ta zauna a kan ƙasar da aka baje, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, Auta bai iya gane kuka ne ko dariya ba, kuma bai tambaya ba.

Kwance sarƙar ya ci lokaci. Sai da Auta ya shiga ƙarƙashin haro da guduma, ya fasa ɗan yatsa, suka taru shi da Yaya da wani maƙwabcin gona suka sauke gadon. Kusurwa ɗaya ta lanƙwashe amma yana januwa. Sun ƙara layi kaɗan, a hankali, da kwana mai faɗi, sai ruwa ya sauko da ƙarfi. Ƙasa ta soma liƙe wa ragar, dole aka tsaya. Yankin wajen rafi ya zauna da curinsa. Suka lulluɓe Mai Tarakta da tamfol suka koma gida a kan tarakta su uku, yana ta ture tamfol ɗin don ya waiwayi gonar.

Da ƙasa ta tsane aka shuka. Yaya ta gauraya irin da yashi ta watsa da hannunta, Auta ya cire haro ya ja gadon shi kaɗai, ba bulo, don ya rufe irin sama-sama. Yankin rafi da fartanya suka farfasa abin da suka iya. Gurbin wurin fasa dutse ya riga ya tafi, abokin ma ya daina kira. Yaya ta zaci wannan zai zaunar da Auta, har ta sa aka gyara masa ɗakin baya. Amma kafin riɗi ya huda ƙasa ya ji labarin ana neman masu jan tirela a wata tashar lodin siminti, ya shiga ya durƙusa gaban mijin yayarsa ya yi sallama. Mai Tarakta ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Yaya ta raka shi bakin titi, ta ce ya riƙa cin abinci a zaune.

Ɗan maƙwabcin nan ne ya karɓi tuƙin taraktar, mutum mai sanyin jiki wanda ba ya bukatar duka a kafaɗa. Duk da haka Mai Tarakta bai daina hawa ba, kuma kafin damina ta raba ya ƙara kalmomi, yawancinsu ba na faɗa a gaban baƙi ba.

Auta na cikin layin lodi, bayan tireloli masu yawa, hoton gonar ya shigo wayarsa. Kore shar, a jere, sai can gefe inda ya yi sanƙo-sanƙo. Ya buɗa hoton da yatsu biyu ya ƙura wa sanƙon ido, ya sauka daga mota, ya zagaya ta, ya hau, ya sake sauka. Ya kira Yaya ya tambaya ko an sake zuba iri a wajen rafin, ko ruwa na kwanciya a wurin, ko an fara cire ciyawa. Ta ce in yana son sani ya zo ya gani, mota ba ta ƙare a duniya ba. Ya ce zai duba. Na bayansa ya danna ham, layi ya motsa, ya ce mata ana kiransa, ya hau ya tada mota.